Ki Tambayi Anti: Gyaɗa mai suga da kayan ƙamshi

Salam Anti, ya gida ya yara. Dan Allah taimako nake nema, ni amarya ce wata na huɗu kenan, maigida yana son gyaɗa mai suga irin wadda ake sa wa citta da kanumfari ɗin nan, na gwada har sau uku wlh duk asara na yi, na farko sugan ya koma fari fat kamar gishiri ya zube ƙasan tukunya na sauke na zubar, na biyu ya yi baƙi ƙirin ga ɗaci ga hayaƙi har maƙociyata ta leƙo tana tambaya ko lafiya, na ukun kuma ya yi kyau a ido amma kwana ɗaya ya manne ya zama dunƙule guda. Ina nake kuskure?
Amarya, daga Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sa albarka a auren ya ba da zaman lafiya. Gaskiya na farkon nan da kika zubar shi ya fi ba ni haushi, don a lokacin kin kusa gamawa, abin da ya rage miki bai wuce minti biyar ko shida ba. Farin nan da kika gani ba lalacewa ba ce, haka aikin yake tafiya. Idan ruwan ya ƙone sugan sai ya koma ƙwayarsa ya bushe a jikin gyaɗar kamar an barbaɗa mata yashi, to a nan ne za ki rage wuta sosai ki ci gaba da juyawa, da kansa zai sake narkewa a hankali ya yi kalar zuma ya lulluɓe gyaɗar tana sheƙi.

Bari mu faro daga awo. Ni da gwangwanin madara nake yi, gyaɗa ɗanya gwangwani 2, suga gwangwani 1, ruwa rabin gwangwani, sai gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka. Kar ki murje ɓawon nan ja, shi ke riƙe sugan. Ki haɗa su duka a tukunya mai kauri, ta dalma irin ta maƙera ta fi, masu shara-sharan gindin nan su ne ke ƙona abu a tsakiya gefe bai ma yi zafi ba. Ki juya da muciya ko cokalin katako, ban da na roba. Zai tafasa ya yi kumfa ya fara kauri kamar minti goma, sai kawai ki ji muciyar ta yi nauyi kina jin ƙaras-ƙaras, to kin iso wajen yashin kenan. In gawayi ne ki kwashe rabin garwashin, in gas ne ki mayar da shi can ƙasa.

Na biyunki kuma ina kyautata zaton abu biyu ne suka haɗu miki, wuta ta yi yawa sannan kin zuba kayan ƙamshin tun farko. Suga sai ya yi zafi sosai yake narkewa, kuma tsakanin kalar zuma da baƙi wallahi ko amsa sallama kika tsaya yi ya wuce. Garin citta da kirfa kuwa sun riga suga ƙonewa, da sun ƙone sai ɗaci. Ki bari sai kin ga yawancin gyaɗar ta fara sheƙi, ki sauke tukunyar tukuna, sannan ki barbaɗa citta rabin cokalin shayi, kirfa rabin cokalin shayi, kanumfari ƙwaya 3 ko 4 da kika daka ya yi laushi, ki juya da sauri. Kanumfari ba a cika masa hannu, in ya yi yawa sai baki ya yi ta zuga kamar an sa maganin haƙori. Ni ina ƙara ɗan barkono kaɗan saboda mutanen gidana ba sa cin abu sai da yaji, amma wannan ganin dama ne. Kuma kar ki jira sai duk farin ya narke tas, wadda ta ɗan rage burɗi-burɗi a jiki ta fi garɗi a wajena.

Ki juye a tire ɗin ƙarfe da kika shafa wa mai, ki warwatsa da cokali biyu tun da zafinta. Kar ki kuskura ki sa hannu ko ki ce bari ki ɗanɗana, narkakken suga ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba kuma mannewa yake a fata, ina da tabo a babban yatsa tun ina budurwa. In tsautsayi ya faɗa ki tara wajen a ruwa mai sanyi na kamar minti 20, ban da shafa man goge baki ko ƙwai.

Na ukun da ya manne, ko dai kin rufe da sauran ɗumi ya yi gumi, ko kin bar shi a buɗe ya sha iska, don suga yana jan laima, shi ya sa na damina ke saurin yin danƙo na hunturu kuwa ya daɗe garas. Ki bari ya huce sarai ki zuba a busasshiyar kwalba mai murfi, zai yi miki sati biyu in maigidan ya bari. Tukunyar kuma ba sai kin kankare ba, ki zuba ruwa ki mayar kan wuta sugan zai narke ya fita.

*

Anti barka da aiki. Zan iya yi da zuma ko mazarƙwaila maimakon farin suga? Kuma in ba gyaɗa fa, kashu ko aya za su yi?
Wata uwa, daga Maraɗi

Sannu 'yar uwa. Mazarƙwaila tana yi, ƙamshinta ma ya fi kuma ta dace da citta sosai, sai dai ki fara narkar da ita a ruwan ki tace saboda tsakuwa da ɓurɓushin rake, kuma da yake ita dama ja ce ba za ki gane ƙonewarta da ido ba, hancinki za ki sa. Zuma kuwa ta fi suga saurin ƙonewa kuma ba ta bushewa yadda ake so, cokali ɗaya a ƙarshe ya isa. Kashu ba shi da ɓawon da zai kare shi, yana saurin yin ja, ga tsada, ki fara koyo da gyaɗa kafin ki taɓa shi. Aya ki tsince tsakuwarta da kyau ki wanke ki shanya ki soya tukuna sannan ta shiga sugan.

*

Anti ina yi ina ƙullawa a leda yara na kai min shago, amma wani lokaci masu saye na cewa suna cin karo da mai ɗaci alhali ban ƙona ba.
Mai sana'a, daga Gusau

To wannan ba daga wuta ba ne ƙanwata, daga gyaɗar ne. Ki baje ta a faifai da rana ki tsince duk wadda ta yamutse, ko ta yi baƙi, ko ta yi hunhuna, ko ƙwaro ya huda, ki zubar, kar ma ki ba kaji. Gyaɗar da aka adana da laima tana yin wata guba da ake kira aflatoksin mai illa ga hanta, kuma suya ba ta kawar da ita, suga ɓoye ɗacin kawai yake yi. Wajen saye ki fasa ƙwaya biyu uku ki duba cikinta ki shinshina, in kin ji warin ruma ki wuce gaba ko da ta fi araha. Sannan ki riƙa faɗa wa masu saye kar a ba yaran da ba su kai shekara biyar ba, gyaɗa guda tana iya sarƙe su.