Amsa: Daga ina sunan Barikin Dodan ya fito?

Malam, ka tambaya ko "dodo" namu na Hausa ne ya ba Barikin Dodan na Ikoyi suna. A'a, ba shi ba ne, ko da yake ni ma na daɗe ina zaton haka. Dodan wuri ne a ƙasar Bama (Myanmar ta yau), inda sojojin Afirka ta Yamma suka gwabza da Japan a Yaƙin Duniya na Biyu. Barikin Myohaung na Yaba ma haka, sunan garin da suka ƙwace ne a Janairun 1945. Har Barikin Chindit na Zariya daga can ya samo suna, saboda bataliyoyin Najeriya uku da suka shiga dajin Bama cikin rundunar Janar Wingate na Birtaniya, wadda ake kira Chindit, a 1944.

Abin da ya fi burge ni shi ne Runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma a kwarin Kaladan na Bama. Babu hanyar mota, daji ne da tsaunuka. Jiragen sama ke jefo musu abinci da harsasai, sannan 'yan dako su ɗora a ka, su bi sojoji cikin laka da ruwan sama. Su waɗannan 'yan dakon ba kasafai ake ambatonsu ba, alhali da wuyansu aka yi tafiyar.