Tambayoyinku kan Waya da Kwamfuta: Wace Tangarɗa ce ke Hana Babbar Manhaja Fitowa?

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Gusau: Malam, wayata shekararta biyu. Abokina ya samu sabon zubin Android a tasa, ni kuwa shiru. Ko an manta da ni ne?

Amsa: Alhaji, ba a manta da kai ba, tun farko ne ba a yi maka alkawari ba. Google ke fitar da Android, amma kamfanin da ya ƙera wayar shi ke daidaita shi da ita, kuma kowace waya da iyakar zubin da aka tsara za ta samu. Duba ranar sabuntawar tsaro a cikin saiti. In ba ta yi nisa ba, ci gaba da cinikinka. Kada ka yarda wani yaro a shago ya ce zai ɗura maka sabo, don manhajar bankinka ce za ta fara yin yaji.

Tambaya daga wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Zariya: Malam, Fedora nake amfani da ita, wani nau'in babbar manhajar kwamfuta ta Linux. Sau da yawa sai su sa ranar fitar da sabon zubi, ranar na matsowa su ɗage da mako guda wai akwai matsala. In ya fito kuma sai ka tarar da wasu matsalolin a ciki. Ni kaina allon kwamfutata ƙyaftawa yake yi in na jona ta da majigi. In za su fitar da shi da aibu, me ya sa suke ɗagewa? In kuma za su ɗage, me ya hana su gyara duka? A ganina matsalar da ta shafi mutane mafi yawa ita ya kamata ta tsayar da aiki.

Amsa: Ƙanina, jimlarka ta ƙarshe ce ta sa na ture sauran wasiƙu gefe, domin wannan tunani na ƙirga kawuna ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ya taɓa jawo wa mutane asarar da har yau wasu ba su farfaɗo daga ita ba. Kai da za ka fito da digiri a wannan fanni, gobe kai ne za a tambaya ko a saki ko a riƙe. Gyara zama.

Babu babbar manhajar da ta taɓa fitowa ba aibu. Wanda ya ce sai an share kowace tangarɗa kafin a fitar, to ya ce kada a fitar ke nan har abada, don ana cikin gyara wata wata ke ɓullowa. Saboda haka masu aikin ba sa ɓata lokaci kan ko akwai matsala. Abin da suke tambaya shi ne: in muka saki abin nan da wannan matsalar a ciki, za mu iya bin ta mu gyara daga baya, ko ɓarnar da za ta yi ba ta dawowa?

Ka ɗauka an sa ranar tarewar amarya. Ba a yi wa zaure fenti ba, duk wanda ya zo biki zai gani ya yi tsegumi. A bayan gida kuma akwai rijiya ba murfi, wadda ƙila cikin mutum ɗari biyu yaro ɗaya ne zai bi ta wajen. A lissafinka fenti ne zai ɗage biki, tunda shi ya shafi kowa. Majiginka mai ƙyaftawa fentin nan ne. Ana iya yin sa amarya na ɗaki.

Ga rijiyar. Ranar 2 ga Oktoban 2018 Microsoft ya saki sabon zubin Windows 10 mai lamba 1809. Cikin kwanaki mutane suka fara kuka cewa takardu da hotunansu sun ɓace. Musabbabin ƙaramin abu ne: wasu sun taɓa sauya wa jakar Documents mazauni zuwa wani ɓangaren ma'adana, amma sun bar wasu fayiloli a tsohon wurin. Sabuntawar ta ɗauki tsohuwar jakar a matsayin fanko, ta share ta da abin da ke ciki. Ranar 6 ga wata aka janye zubin, bai dawo ga jama'a ba sai 13 ga Nuwamba. Microsoft ya ce waɗanda abin ya shafa ba su wuce mutum 1 cikin 10,000 na waɗanda suka loda ba. To amma a lokacin Windows 10 na kan na'urori kusan miliyan 700. Ka yi lissafin da kanka, kai ne ɗalibi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne 'yan gwaji sun kai rahoton wannan matsalar watanni kafin a saki zubin. Sai dai rahotannin kaɗan ne, ba su samu ƙuri'u da yawa a wurin da ake tara koke ba, suka nutse a ƙarƙashin ƙorafe-ƙorafen da jama'a suka fi yi wa caa. Wato ma'aunin da kake ba da shawara a yi amfani da shi, shi ne ya binne su. Bayan wannan ne kamfanin ya ƙara wurin da mai kai rahoto zai faɗi girman ɓarnar da matsala ta yi masa.

Su Fedora ɗin da kake yi wa tsiya ba da ka suke yanke hukunci ba. Suna da rubutattun sharuɗɗa, na zubin gwaji daban, na zubin ƙarshe daban: dole kwamfuta ta tashi, dole manhajar girkawa ta kammala aikinta, dole a iya shiga intanet a sauke sabuntawa, dole kada bayanan mutum su lalace. Kowa na iya gabatar da tangarɗa ya ce ta isa ta tare hanya, amma sai ya nuna sharaɗin da ta karya. Sai a zauna a duba, a kaɗa ƙuri'a. Wadda aka amince da ita ta zama shinge. Wadda ba ta kai ba amma gyaranta na da amfani, ana iya ba ta izinin shiga ko da an rufe ƙofar sauye-sauye. Saura kuma a rubuta su a shafin sanannun matsaloli tare da dabarar kauce musu. Ran Alhamis kafin Talatar fitarwa ake zaman ƙarshe na a tafi ko kar a tafi. In akwai shinge ɗaya da ba a cire ba, an ƙara mako ke nan.

Ka lura da sharaɗin shiga intanet a sauke sabuntawa. Nan ne zuciyar maganar. Tangarɗar da ta bar ƙofar sabuntawa a buɗe, gobe za a turo maganinta. Wadda ta hana kwamfuta tashi, ko ta kashe katin sadarwa, ta toshe hanyar da maganin zai biyo. Kusan abin da ya samu Apple ke nan a Satumban 2014, da zubin manhajar iPhone mai suna iOS 8.0.1 ya yanke wa masu iPhone 6 sabis ya kuma kashe na'urar karanta yatsa, aka janye shi a ranar.

Haka ma duk aibun da ke cikin fayil ɗin girkawa kansa. Wannan ya fi shafar mu nan. Mutum ɗaya ke sadaukar da datarsa ya sauke, ya zuba a filash, filash ɗin ya yi ta yawo daga shago zuwa shago, daga ɗakin kwanan ɗalibai zuwa wani, shekara guda ana girkawa da shi. Ko an gyara washegari, wancan kwafin ya riga ya tafi. Ubuntu 17.10, shi ma nau'in Linux ne, ya fito da wani direban Intel a cikinsa (manhajar da ke sarrafa wani sashen kwamfuta) wanda ya riƙa kulle BIOS, wato 'yar manhajar da ke fara tayar da kwamfuta, na wasu kwamfutocin Lenovo, saiti ba ya ajiyuwa, filash ma ba ya tayar da su. A Disamban 2017 aka dakatar da sauke shi, sai Janairun 2018 aka saki gyararre. Yawancin masu Ubuntu ko labari ba su ji ba. Wanda ta faɗa wa kuwa, ko fomatin bai cece shi ba.

Debian, su ma masu wani nau'in Linux ne, tasu hanyar ta fi burge ni. Kowane rahoto ana ba shi matsayi cikin bakwai, daga buri kawai har zuwa mai halakarwa, kuma uku na sama ne ke hana fitarwa. Ba sa ɗaure kansu da rana tun da wuri. Sannan suna da wuƙar da mutane ke mantawa da ita: in wata ƙaramar manhaja ta ƙi gyaruwa, kuma ba wanda ya dogara da ita, sai a cire ta daga zubin baki ɗaya a wuce. Ba kowace rijiya ake tsayawa yi wa murfi ba, wata cike ta ake yi. A Disamban 2023 suna dab da sakin 12.3 aka gano wani aibu a ƙwayar Linux, wato ginshiƙin manhajar, da ke iya lalata bayanai a ma'adana mai tsarin ext4. Suka fasa, suka tsallake lambar, 12.4 ce ta fito. Ban ji wani mai hankali ya zarge su da lalaci ba.

Tsaro kuma babinsa daban, don a nan ko mutum ɗaya ba sai ya yi kuka ba. Ranar 29 ga Maris 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya bayyana cewa an dasa ɓoyayyiyar ƙofa a cikin xz, wata 'yar manhajar matse fayil da ke kusan kowace Linux. Abin da ya ja hankalinsa jinkiri ne na kusan rabin daƙiƙa wajen shiga kwamfuta daga nesa. Ubuntu ta ɗage zubin gwajin 24.04 daga 4 zuwa 11 ga Afrilu, ta sake gina manhajojin da aka haɗa tun bayan shigowar gurɓataccen xz ɗin. Kada ka ɗauka kuma kullum ɗagewa na biyan kuɗin sabulu. Fedora 37 ta jira har 15 ga Nuwamban 2022 saboda sanarwar wani babban aibu a OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin bayanai a intanet, da ya fito aka ga bai kai yadda aka tsorata ba. Duk da haka ina tare da su. Da abin da suka sani a ranar suka yi hukunci, asararsu makonni ce, kuma makonni ana mayar da su.

Ɗagewa ma da nata farashi, na yarda. Masu jiran gyaran wasu matsalolin za su ƙara jira, masu sabbin kwamfutoci da tsohon zubi bai san su ba za su zauna, 'yan sa-kai da suka kwana suna gwaji za su sake wani zagayen. Shi ya sa ba a barin kowa ya maida damuwarsa shinge, har da kai da majiginka. Je ka rubuta rahoto mai kyau: samfurin kwamfutar, katin hotonta, irin wayar da ka jona, da abin da ka yi daki-daki har allon ya fara ƙyaftawa. Rubuta "ba ya aiki" kawai daidai yake da zuwa asibiti ka ce wa likita ba ka jin daɗi ka yi shiru.

Ni dai al'adata ba ta canza ba, kuma ita nake so ka ɗauka. Ba na loda sabon zubi a makonsa na farko. Sai ya yi mako biyu a hannun masu gaggawa, na karanta shafin sanannun matsaloli, na kwafe fayilolina a wata ma'adanar da zan zare in ajiye a durowa.

Tambaya daga wata ɗaliba 'yar shekarar ƙarshe a Maraɗi: Malam, zan iya sa zubin gwaji na Ubuntu a kwamfutar da nake rubuta kundin kammala karatuna? An ce ya fi kyan gani.

Amsa: 'Yata, kundi za ki miƙa wa malaminki ko kyan allo? A'a. In ɗoki ya hana ki barci, tayar da shi daga filash ki kalla ki ƙoshi, kada ki girka. Masu tsohon zubi mai dogon tallafi ma Ubuntu ba ta yi musu tayin haurawa sai an fitar da gyara na farko, mai ɗigo ɗaya a ƙarshen lamba. Kuma yau ɗin nan ki tura wa kanki kwafin kundin ta imel.

Tambaya daga wani ma'aikaci a Kaduna: Ranka ya daɗe, kwamfutocin ofishinmu duk sun samu sabon zubin Windows 11, tawa kaɗai ta ƙi. Wani ya ce in sauke in tilasta mata.

Amsa: Yallaɓai, wanda ya ba ka shawarar nan shi zai sake buga maka takardun ofis in sun tafi? Microsoft kan riƙe sabon zubi daga kwamfutocin da aka san wani direba ko wata manhaja da ke cikinsu na rikici da shi, sai an warware a sake su. Sabunta direbobinka daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, ka bar ta. In wata biyu ya wuce shiru, duba ko ma'adanarka ta cika, sannan ka turo mini samfurin kwamfutar.