Burbon mai ganga biyu da abin da ake ci da shi

Ka tambaye ni dalilin da na hana ka kai wa baƙo tsire mai yaji tare da burbon mai ganga biyu, alhali shi ya nema da bakinsa. Ajiye wayar nan ka saurara, yaro, don ba zan maimaita ba.

A dokar Amurka, wuski ba ya zama burbon sai masara ta kai aƙalla kashi 51 cikin 100 na hatsin da aka yi shi da shi, sannan a zuba shi a sabuwar gangar itacen oak da aka babbake cikinta. Mai ganga biyu kuwa, idan ya gama shekarunsa a ta farko, sai a juye shi a wata sabuwa fil. Burbon mai suna Woodford Reserve Double Oaked, na garin Versailles a jihar Kentaki, wanda ya fito a 2012, gangarsa ta biyu gasa ta ake yi a hankali har zafi ya ratsa itacen, sannan a babbake ta sama-sama. Ta wani burbon mai suna Old Forester 1910 kuwa ƙona ta ake yi sosai. Gashi daban, babbaka daban. Gashi ne ke fito da sukarin itacen da ƙamshin vanila, gawayin babbaka kuma ya tace wuskin, ya ƙara masa duhu da ɗan hayaƙi. Sabon itace sau biyu, zaƙi ya ƙaru ke nan, amma bauri ma ya ƙaru, kuma wannan baurin ne masu gaggawa ba sa lissafi da shi.

Wanke kofi da goge shi, idan har sai na koya maka, gara ka koma gida. Ɗauko kofi mai faɗin ciki da tsukakken baki, ka zuba mililita 30, ka bar shi ya huta minti biyar zuwa goma. Ƙarfinsa wajen kashi 45 cikin 100 ne, saboda haka mai shinshinawa ya ɗan buɗe baki, in ba haka ba barasar ce kawai za ta soki hancinsa. Kurɓar farko ta saba wa harshe ce, a ta biyu ake jin ɗanɗano. Ɗigon ruwa uku ko huɗu na buɗe ƙamshin. Ƙanƙara, in dole ne, dunƙule ɗaya babba.

Barkono da barasa jijiya ɗaya suke tsokana a harshe, wadda ke jin zafi, kuma barasa ƙara mata kaifi take yi. Idan suka haɗu, raɗaɗi ya rufe vanilar da zaƙin, ba abin da zai saura sai ɗaci da bauri.

Da wannan wani ɗan kasuwa ya cuce ni, kuma har gobe ban yafe ba. Ya haɗa wa abokan cinikinsa liyafa, ya ce a kawo burbon mafi tsada. Na ce masa naman ya zo ba yaji. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce da kuɗinsa ko da nawa? Ya sa aka kawo tsire an bulbule shi da yaji har ba a ganin naman, ga farfesun kayan ciki mai attarugu, ya sa aka cika kofuna da fasasshiyar ƙanƙara. Kafin minti goma wuskin ya zama ruwa-ruwa, sanyi ya kashe ƙamshin, barkono ya ƙarasa sauran. Duk da haka suka shanye tas. Da aka kawo takardar kuɗi sai ya miƙe, ya ɗaga kwalba a gaban fitila, yana nuna ɗan abin da ya rage a gindinta, wai burbon na gaskiya ba ya yin duhu haka, shayi na haɗa da ogogoro. Duhun da ganga ta biyu ta ba shi, wanda shi ne aka biya kuɗi dominsa! Manajan da ke nan a lokacin bai san bambancin burbon da fetur ba, ya shiga ba shi haƙuri, kuɗin kuma aka dinga yanka daga albashina har aka gama. Daga baya na ji ba a wurinmu ya fara wannan wasan ba.

Shi ya sa a wurin nan kwalba a gaban baƙo ake ɓalle hatiminta, ya ga sunan, ya kurɓa tsurarsa kafin abinci ya sauka, ya ce ya yi. Ku yaran yanzu hoton kwalba kuke ɗauka ku sa a waya, amma a tambaye ku me ke cikinta, sai ku kama sosa ƙeya.

Abin da ke tafiya da shi, kitse ne da gishiri. Balangun rago mai ɗan kitse, da gishiri kaɗai, yajin a wani faranti daban. Kitsen na lulluɓe harshe, baurin ya kwanta, hayaƙin gashin naman kuma ya sadu da na gangar. Soyayyar gyaɗa mai gishiri ma ta yi, haka tsohon cuku mai tauri. Cakulan baƙi mai koko kashi 70 ya fi duka a ganina, ɗan gutsure, a bar shi ya narke a baki sannan a kurɓa. Mai madara kuwa zaƙi kan zaƙi ne, yana gundura. Kifi, lemon tsami da duk abin da aka sa wa ruwan tsami, nesa da teburin. A ci, sannan a kurɓa, da kofin ruwa a gefe.

Idan aka tashi, kwalbar a tsaye ake ajiye ta, ba a kwance ba, don barasa mai wannan ƙarfin na cin toshiyar. Kuma ka sauke ta daga kan tagar can da rana ke duka.