Makuwa ce ko mantuwa?

Wani ɗan kabu-kabu daga unguwar Bagalam, nan Maradi, ya aiko da tambaya: "Malam, mahaifina ya manyanta. Kwanan baya ya fito daga babbar kasuwa ya kasa gane hanyar gida. Wasu sun ce makuwa ce, wasu sun ce mantuwa. Wanne ne? Kuma da gaske ne Turawa na sa wa ƙwaƙwalwa lantarki don ta riƙe hanya?"

Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Makuwa ita ce gabas da yamma su rikice wa mutum a wurin da ya sani, idonsa biyu. Ya san unguwarsu, ya san ƙofar gidansa, hanyar ce kawai ta juye masa. Mantuwa kuwa abin ne yake fita daga kai ɗungurungum. Akwai kuma ɗimuwa, wadda kan kama mutum ko yana zaune a ɗaki in mummunan labari ya iske shi. Ta Baba makuwa ce. Kada ku dogara da "matambayi ba ya ɓata", don karin maganar na baƙo ne, shi ko ɗan gari kunyar tambaya yake ji. In abin ya yawaita ku kai shi likita, domin ɓatan hanya na cikin alamomin farko na cutar Alzheimer, cutar ƙwaƙwalwa mai sa tsofaffi mantuwa.

Batun lantarki da gaskiyarsa, amma an zuzuta shi. A 1971 wani masanin ƙwaƙwalwa, John O'Keefe, ya gano a Landan cewa cikin ƙwaƙwalwar ɓera, a sashen hifokamfas, akwai ƙwayoyin halittar da ba sa aiki sai ɓeran ya iso wani wuri takamaimai. Sashen nan kuma shi ke ɗaure sabon abin da mutum zai tuna, shi ya sa makuwa da mantuwa kan zo wa tsoho tare.

A 2012 likitoci a Los Angeles suka gwada masu farfaɗiya 7 waɗanda tun da farko an dasa musu siraran wayoyi a ka. Aka sa su tuƙa tasi cikin wani gari da aka zana a kwamfuta, ana ba ƙofar hifokamfas ɗan lantarki, sai suka fi saurin gane hanya, har da yanke. A 2016 wasu masana suka gwada mutane da yawa fiye da haka, suka ga lantarkin dagula musu hanyar ya yi. Don haka duk wanda ya zo muku da na'ura ya ce tana maganin makuwa, ku riƙe kuɗinku.