Tsohon soja zai iya komawa zane da sharhi?

Yallaɓai, ka ce ka kusa ajiye kaki, kana son zane da rubutu amma kana ganin lokaci ya ƙure. Da sauranka. John Berger na Ingila ya yi soja daga 1944 zuwa 1946, ya shiga makarantar zane ta Chelsea a Landan, sannan ya fara sharhin zane a mujallar New Statesman. A 1972 ya ci kyautar adabi ta Booker.

Lura, hannunsa ya saba da fensir kafin ya soki aikin wani. Masu gaggawar sharhi a nan suke tuntuɓe. Kullum zana wani abu, ko butar alwala ce. In zane-zanen sun taru, kai wa malaman sashen zane na ABU Zariya su duba maka.