Tambaya da Amsa: Ana Rage Ma'aikata a Masana'antarmu, Yaya Zan Yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a wata masana'antar roba da ke Sharaɗa a Kano, shekara shida ke nan ina kula da sito. Tun da kuɗin lantarki da na man dizal suka tashi aka mayar da aikinmu kwana huɗu a mako, kuma a watan jiya an sallami da dama daga cikin abokan aikina. Ina da mata da 'ya'ya uku, a gidan haya muke, ga kuma adashi da nake zubi. Ban sanar da maiɗakina ba, barci kuwa ya ƙaurace wa idona. Mece ce shawararku? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya yaye maka wannan damuwa. Fargabarka tana da tushe, domin tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma ƙara kuɗin wuta ga masu rukunin A (wato waɗanda suka fi samun wuta) a Afrilun 2024, masana'antu da yawa suke tangal-tangal, kuma duk wanda ya ga yadda masaƙun Kakuri a Kaduna suka rufe ɗaya bayan ɗaya ya san abin da hakan ke jawo wa iyalai. Sai dai har yanzu albashinka yana shigowa, kuma waɗannan watanni da suka rage a hannunka su ne jarinka. Ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, lokacin shafa wa naka ruwa ya yi.

Ka fara da takardu. Ka nemo takardar ɗaukarka aiki da ta albashin watannin baya, ka adana su a gida, kada ka bar su a wurin aiki, saboda sau da yawa wanda aka sallama ba a barinsa ya sake shiga ƙofa. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta tanadi cewa wanda ya yi shekara biyar ko fiye a wurin aiki sai an ba shi wa'adin wata guda kafin a sallame shi, ko kuma a biya shi kuɗin wannan wata. Idan ragin ma'aikata ne, dokar ta ce a sanar da ƙungiyar ƙwadago ko wakilin ma'aikata, sannan a fara da wanda ya zo daga baya, tare da duba ƙwazo da riƙon amana. Saboda haka idan aka kira ka ofis aka miƙo maka takardar ajiye aiki don ka sa hannu, ka nemi lokaci ka nuna wa lauya ko wakilin ƙungiyarku, domin wanda ya ajiye aiki da kansa yakan rasa haƙƙin da wanda aka sallama yake da shi. In kuwa an danne maka haƙƙi, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da reshe a Kano.

Abin da na fi so ka gaggauta shi ne batun fansho. A ƙarƙashin dokar 2014, ana cire kashi 8 cikin ɗari na albashinka, kamfani ya ƙara kashi 10, a zuba a asusunka cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Abin takaici, kamfanin da ya shiga matsi yakan ci gaba da cirewa ba tare da zubawa ba, ma'aikaci kuma ba ya ganewa sai ranar da ya fi bukatar kuɗin. Ka je wurin kamfanin da ke riƙe da asusunka a wannan makon ka karɓi bayanin abin da ya shiga, in ka ga giɓi ka kai kuka hukumar kula da fansho ta ƙasa, wato PenCom, tun masana'antar tana tsaye. Ka sani kuma cewa wanda bai kai shekara 50 ba, idan ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai samu wani ba, yana da damar cire kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusun.

Game da adashi, in kwasarka ta zo, ka biya hayar gida ka ajiye hatsi, kada ka shiga wani sabon zubi, kuma ka nisanci bashin manhajojin waya masu ruwa da tozarta mutum. Shekara shida na lissafin shige da ficen kaya sana'a ce da manyan 'yan kasuwar Singa da Kantin Kwari suke nema, don haka ka fara gaisawa da su tun kana da aiki a hannu.

Maganar maiɗakinka ce ta fi damuna. Na fahimci cewa tausayi ne ya sa ka ɓoye mata, amma ita ce mai riƙe da cefane, ita ta san inda za a rage ba tare da yara sun ji a jikinsu ba, kuma da wuya a ce ba ta lura da rashin barcinka ba. Ka zaunar da ita cikin natsuwa bayan yara sun kwanta, ka faɗa mata halin da masana'antar take ciki da abin da ka riga ka fara yi, sannan ku zauna tare ku lissafa abin da gidan yake ci a wata. Idan rashin barcin ya ɗore har ya taɓa cin abincinka, ka ga likita. Allah ya zaɓa maka mafi alheri.