Tambayi Likita: MRI, amigdala da yaron da ya koma wa kodin

Wani daga Kawo, Kaduna: Likita, wai hoton MRI yana ƙona ƙwaƙwalwa?

A'a malam, maganaɗisu ne, ba irin hasken X-ray ba. Amma in akwai ƙarfe a jikinka ko na'urar bugun zuciya, ka faɗa musu kafin ka shiga.

Ɗaliba daga Tudun Wada: An ce amigdala wurin tsoro ce kawai?

Ba tsoro kaɗai ba 'yata, amigdala wani sashe ne na ƙwaƙwalwa, har abin daɗi tana koyo. Karanta ƙasa.

Wata uwa daga Rigasa: Ɗana ya bar shan kodin wata 4, ranar da ya bi ta majalisarsu ya koma. Dangi sun ce sammu ne, a kai shi gidan mari.

Hajiya, don Allah kar ki kai shi. Amigdala wasu 'yan sassa ne guda 2 masu siffar almon, ɗaya a kowane ɓangare can cikin ƙwaƙwalwa, kuma tun da aka fara hoton fMRI a farkon shekarun 1990, wanda ke bin yadda jini ke kwarara zuwa inda ƙwaƙwalwa ke aiki, an ga tana motsawa idan mutum ya ga abin da ya saba samun daɗi da shi. Kamar yadda ƙamshin ƙosai da la'asar cikin azumi ke tsinka miki yawu tun ba ki gani ba, haka benci, kwalbar lemo da muryar abokai suke wa ɗanki. Ƙwaƙwalwarsa ta koya ne, ba asiri aka yi masa ba.

Wallahi abin yana ci mini rai, a 2019 a nan Rigasa 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga irin gidan nan, wasu da sarƙa a ƙafa, amma har yau ana kai yara. Duka da mari tsoro kawai suke ƙara wa amigdala, yaro ya fito ya nemi abin da zai kwantar masa da hankali, kin san ko mene ne.

Abin da aka koya ana iya koyon saɓaninsa, sai dai a hankali, da magani da shawarwarin ƙwararru da canza abokai. Ki kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, zuwa can ba ya nufin hauka. In kuma yana haɗawa da tiramol ya fara jijjiga, ko barci ya yi masa nauyi numfashi na ja baya, kar a tsaya hayaƙi ko rubutu, asibiti a daren. Ki kai shi Barnawa wannan satin Hajiya, Allah ya ba shi lafiya.